Wasiƙa daga Bronx zuwa ga ɗan ƙanwata mai son tahowa Amurka

Ɗana, bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa, kuma wani ejan ya yi maka tayin hanya biyu: ko a nemo maka bizar ziyara ka shigo ka ɓace, ko a bi da kai ta Nikaraguwa da Meziko. Sannan ka ɗaure ni da jijiyata. Ka ce ni da bakina na taɓa gaya maka cewa maƙwabtana 'yan Jamhuriyar Dominikan sun zo New York ko gaisuwa ba su iya da Turanci ba, yau ga su da kantuna da motocin haya da gidajen bene a ƙasarsu, to kai mai digiri da Turanci me zai hana ka? Na faɗa, kuma ban janye ba. Amma tunda su ka ɗauka abin misali, tsaya ka ji yadda abin yake a wurinsu, domin da su muke kwana muke tashi a nan Bronx, wani yanki na birnin New York.

Ƙasarsu ta ci kusan kashi biyu cikin uku na wani tsibiri, ɗaya ɓangaren Haiti ne, mutanenta kusan miliyan 11. Zamanin mulkin kama-karya na Rafael Trujillo, daga 1930 zuwa 1961, fasfo ma sai wanda ya ga dama yake ba. Da aka kashe shi ƙasar ta rikice, aka yi yaƙin basasa a 1965, sojojin Amurka suka shiga, kuma a waɗannan shekarun Amurka ta saki hannu wajen ba su biza don a rage zafin siyasa. Ka riƙe wannan da kyau: waɗanda suka share hanyar da takarda suka shigo. Suka sauka a unguwar Washington Heights, suka shiga masana'antun ɗinki, kowa ya samu gindin zama sai ya cike wa matarsa da 'ya'yansa da iyayensa takardu. Shekara sittin ana haka. Yau sun haura miliyan biyu a Amurka, suna da ɗan majalisar tarayya, Adriano Espaillat, wanda aka zaɓa a 2016, kuma Leonel Fernández da ya shugabanci ƙasarsu har sau uku a wannan birnin ya yi ƙuruciyarsa. Yaron da ya sauka daga Santo Domingo, babban birninsu, yau, tafiyar da ba ta kai awa huɗu ba a jirgi, goggonsa ce za ta tarbe shi, ɗan'uwan babansa ya sa shi a kanti washegari, kuma zai iya shekara bai buƙaci kalmar Turanci ba, daga wanzami har likita. Kai kuwa kawu ɗaya gare ka a nan.

To, duk da wannan gatan, zo ka ga yadda suke rayuwa.

Mai kantin da ke ƙasan beninmu yana buɗewa tun kafin mu fito sallar asuba, ba ya rufewa sai tsakar dare, kwana bakwai a mako. A tsaye yake wuni bayan gilashi mai kauri, kusa da hannunsa akwai littafin bashi na mutanen layin. Jarin kantin da adashi aka haɗa shi, don su ma suna yinsa sak irin namu, sai ragowar da ya ranto wurin masu ba da kuɗi da ruwa. Ya gina gida a garinsu kusa da Santiyago, ya nuna mini hoton a waya, har da baranda da itacen mangwaro. Na tambaye shi yaushe zai koma ya zauna a ciki, ya yi dariya ya ce baɗi. Tun da na san shi baɗin nan yake jira. 'Ya'yansa a nan aka haife su, ba mai niyyar binsa, ga ciwon ƙafa da tsayuwa ta ja masa, kuma inshorar asibitinsa a nan take.

Matar da ƙofarta ke kallon tawa aikin jinyar tsofaffi take yi a gidajensu, ta wanke su, ta canza musu, wani lokaci can take kwana. A ƙasarsu malamar makaranta ce mai takardar jami'a. A lungun falonta akwai wata shuɗiyar ganga ta roba da take cikawa sannu a hankali: yau shinkafa da man girki, wani mako sabulu da takalman yara da aka karya wa farashi. Kafin Disamba ta ɗaure ta aika ta jirgin ruwa, ita kuma ta bi ta sama da akwatuna. Ita ta gaya mini cewa akwai masu cin bashi a kati don tafiyar nan, har da masu aron sarƙar zinare, su yi mako biyu ana sha'awarsu a ƙauye, su dawo su shafe rabin shekara suna biya. Yaran ƙauyen mako biyun nan kawai suke gani. Ba wanda ke ɗaukar hoton kansa yana goge bayan tsoho ya aika gida. Mu ma Hausawan nan kada mu yi musu dariya, hotunan da muke sawa ranar Sallah da manyan riguna a gaban motar da ba tamu ba, su ne suka hana ka barci.

Kuɗin da suke aikawa gida ba wasa ba ne, yana kai wajen dala biliyan 10 a shekara tun 2021, mafi yawansa daga Amurka. Amma ɗari-ɗari da ɗari biyu-biyu ake tara shi daga hannun irin waɗannan mutane biyu. Na san ka riga ka buga lissafi da naira, to buga da ni. A 2025 mafi ƙarancin albashi a birnin New York dala 16.50 ne a awa. Awa 40 a mako ya kama 660, bayan haraji bai kai 600 ba. Ɗaki ɗaya a cikin gidan wani, kicin da banɗaki na tarayya, da wuya ka samu ƙasa da 200 a mako a wajajenmu. Saura jirgin ƙasa, waya, abinci, rigar sanyi. Tsadar hayar nan ce ta kori dubbansu daga unguwar da suka raya, suka watsu garuruwan Pennsylvania irin su Allentown da Hazleton suna aikin rumbunan kaya da mayanka. Kuma wannan lissafin na mai izinin aiki ne. Wanda ba shi da shi, abin da mai gida ya ga dama shi zai miƙa masa, in ya hana shi ma, tsoro ba zai bar shi ya kai ƙara ba.

A nan gizo ke saƙar, ɗana. A cikin 'yan Dominikan ɗin kansu akwai gida biyu: masu takarda da marasa ita. Duk wanda na ba ka labarin nasararsa daga gida na farko yake. Na biyun su ne masu shiga ƙananan jiragen katako da suke kira yola, su keta mashigin Mona zuwa Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, kusan kilomita 130 na teku mai igiya. Ana sayar da babur ko a jinginar da fili a biya masu jirgin. Wasu masu gadin teku na Amurka su tare su a mayar da su, wasu jirgin ya kife, dangi su yi ta jira ba gawa ba labari. A 2022 da 2023 kuma suka koma bin hanyar Meziko ta ƙasa, wadda ejan ɗinka ke tallata maka, inda suka haɗu da 'yan Senegal da Muritaniya da suka sauka a Nikaraguwa. Wannan ƙofar an rufe ta. Tun Janairun 2025 aka soke manhajar da ake neman ganawa da jami'an kan iyaka da ita, ana kuma kame mutane a cikin gari ana tasa ƙeyarsu. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan wannan hanyar yau, tsohon labari ya sayar maka.

Bizar ziyara kuwa, doka ce tun 1996: wanda ya zarce wa'adinsa da shekara guda ko fiye, ranar da ya fita ba zai sake shigowa ba sai bayan shekara goma. Saboda haka ba ya fita. Wani direba da muke shan shayi tare, mahaifiyarsa ta rasu a can, ta waya ya kalli binne ta yana zaune a cikin mota a bakin titi, daga nan ya kunna ya ci gaba da ɗaukar fasinja. Ka tuna mu ko kwana ba ma bari gawa ta yi. Ka tambayi zuciyarka ko za ka iya, kada ka ba ni amsa, ka ba kanka.

Ba Amurka kaɗai suke zuwa ba. Matan wani gari da ake kira Vicente Noble, a kudu maso yammacin ƙasar, sun yi ta kwarara Madrid aikatau tun shekarun 1980, harshe ɗaya, addini ɗaya da masu gidan, suna ganin kamar gidan dangi za su. Ɗaya daga cikinsu, Lucrecia Pérez, ta bar ƙaramar 'yarta a gida, ba ta fi wata guda da isa ba, aikin ya kuɓuce mata, tana kwana a wani kangon gidan rawa a unguwar Aravaca tare da 'yan ƙasarsu. Ranar 13 ga Nuwamba 1992 wani jami'in tsaro da ba ya bakin aiki ya shiga da yara uku ya buɗe wuta, ya kashe ta, don kawai baƙa ce kuma baƙuwa. Abin da ke ba ni mamaki, da yawansu sai sun fito waje suke sanin cewa baƙar fata ake kallonsu, domin a gida 'yan Haiti ne baƙin da ake wa kallon raini, su ke saran rake da aikin gini, su ake lodawa a mota a mayar. Wannan maganar ba sa son a ɗauko ta, ni ma ba na ɗauko ta a kanti.

Digirinka fa? Ina ganin likitoci da lauyoyin da suka fito daga jami'ar Santo Domingo, wadda tushenta ya kai 1538, suna tuƙa tasi, saboda takardar ba ta aiki sai an sake jarrabawa da horo na shekaru. Ba na raina tasi, da ita aka biya kuɗin makarantar yaran da yau suke lauyoyi da malaman jinya. Amma ka lura, 'ya'yan ne suka ci ribar, uban shi ya zama tsanin da aka taka.

Ka kuma ce in cike maka takarda tunda na zama ɗan ƙasa. Dokar Amurka ba ta san kawu da ɗan ƙanwa ba. Mahaifiyarka zan iya nema wa, layin 'yan'uwa kuwa ya haura shekara 15, kuma 'ya'yanta da ba su kai 21 ba ne kawai za su biyo ta, kai ka wuce. Cacar biza ma an cire Najeriya tun zagayen 2015, kamar yadda aka daɗe da cire su 'yan Dominikan, saboda yawan waɗanda suka riga suka shigo.

Ban ce ka zauna ka naɗe hannu ba. In fita za ka yi, ka fita ta ƙofar karatu da tallafi, kuma kada ka kafe a kan Amurka, don tun 2025 an ƙara matse wa 'yan Najeriya biza, ɗalibi kuma ko ya samu, awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako, a cikin makaranta. Ka duba tallafin karatu na DAAD na Jamus, da na PTDF, asusun Najeriya na horar da masana harkar man fetur, tunda injiniyanci ka karanta, da Chevening na Birtaniya, wanda sai kana da shekara biyu ta aiki, don haka ko koyarwa ce ka samu a makarantar kuɗi ka karɓa, za ta shiga lissafi. Kuɗin jarrabawar Turanci da na karɓar sakamako daga jami'a na ɗauke maka. Filin mahaifiyarka kuwa kada a taɓa shi, zan kira ta da kaina ranar Juma'a bayan an sauko. Kafin nan ka turo mini hoton sakamakonka duka, shafi-shafi, yadda zan iya karantawa.

Ka gaishe da mutanen gida.

Kawunka.