Amsar tambayarki a kan auren wuri da manyan da suka yi shi

'Yata,

Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, na bar shi ya kwana biyu a raina don ba tambayar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Kin ce kin karanta labarin mawaƙin Amurka Jerry Lee Lewis da ya auri yarinya 'yar shekara 13, ranki ya ɓaci, ƙawayenki kuma suka ce ai zamaninsu ne, ba a auna mutanen da da mudun yau. Shi ne kike tambaya: a yafe wa kowa ke nan? In kuwa ba a yafe ba, kakanninmu da suka aurar da 'ya'yansu da wuri miyagu ne?

Gaskiya ne zamani yana juyawa. A Ingila, har shekarar 1929 doka ta yarda a aurar da yarinya 'yar 12 da yaro ɗan 14. A shekarar ne aka ɗaga zuwa 16, sai a 2023 aka kai 18. Indiya ma a 1929 ɗin ta sa 14 ga mata, 18 ga maza. Don haka kada wani ya nuna miki wai abin nan na wata al'umma ɗaya ce.

Amma doka ce ta sauya, jikin yarinya yana nan yadda Allah ya halicce shi. Ƙugun 'yar 12 bai gama buɗewa ba, jiya da yau. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tokare, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina zuwa wurin. Naman ya mutu, ƙofa ta buɗe, shi ne yoyon fitsari. Mata kuwa sun san wahalar nan tun kafin likitoci su rubuta ta.

Bari in ba ki labarin Margaret Beaufort, wata 'yar gidan sarautar Ingila, don duk lokacin da na tuna ta sai zuciyata ta karye. An aurar da ita a 1455 tana 'yar 12. Mijin ya rasu ya bar ta da ciki, ta haihu a Janairun 1457 tana 'yar 13, da ƙyar ta sha. Ta ƙara aure sau biyu, ba ta sake haihuwa ba. Ɗan nan guda shi ya zama Sarki Henry na Bakwai. To, a 1498, da ake maganar ba Sarkin Sukotlan jikarta, wadda ba ta kai shekara goma ba, Sarki Henry da bakinsa ya gaya wa jakadan Sifen cewa mahaifiyarsa da matarsa ba su yarda a kai yarinyar da wuri ba, suna tsoron mijin ba zai jira ba, zai yi mata illa. Aka jinkirta har 1503, kodayake a lokacin ma 13 take. Kin ga tsohuwa ce ta wancan zamanin, ba ta ji wa'azin kowa ba, abin da ya same ta ne ya sa ta tsaya wa jikarta. Saboda haka in aka ce miki mutanen da ba su ga aibun abin ba, ki tambaya: waɗanne mutanen? Waɗanda suka ɗaura auren, ko waɗanda suka durƙusa naƙudar?

Kakarki, mahaifiyata, ta taɓa gaya min ranar da aka kai ta ɗakin miji ta ɓoye 'yar tsanarta a cikin zani, ta yi wata tana fito da ita in ba kowa. Ba ta taɓa zagin mahaifinta ba, ni ma ba zan zage shi ba. Mutum ne da ya ga kowa na yi, yana tsoron abin kunya da talauci, a ganinsa rufin asiri ya nema mata. Amma ita ce ta kafe a kan ba za a cire ni daga makaranta ba.

Su kuwa shahararrun nan, ni abu biyu nake dubawa: mutumin ya sani, kuma me ya yi da sanin? Dubi Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya. Iyaye suka yi masa aure a 1883 yana ɗan 13, yaro ne kamar amaryar, babu laifinsa. Da ya girma ya rubuta da hannunsa cewa bai ga wata hujja da za ta halatta irin auren nan ba. A nan na yaba masa. Amma shi ɗin dai a tsufansa ya riƙa kwana shimfiɗa ɗaya da 'yan mata, wai yana gwada kamun kansa, har wasu na kusa da shi suka bar shi saboda haka. A wannan ba ni da uzurin da zan ba shi, tunda mutanen gabansa ma sun faɗa masa.

Mawaƙinki kuma, shekararsa 22 ya auri wata 'yar danginsa ta kusa a ƙarshen 1957. Da suka sauka Landan a watan Mayun 1958, 'yan jarida suka tambayi yarinyar ko ita wace ce, ta ce matarsa. Shi kuma ya ce shekararta 15. Me ya kai shi ƙara mata shekara biyu in bai san da abin ɓoyewa ba? Wasa uku kawai ya yi aka soke sauran. Mutanen zamaninsa ne suka juya masa baya, ba mu ba. Ƙawayenki suna ba shi rigar da mutanen lokacinsa suka hana shi.

Ban ce ki toshe kunne ga waƙarsa ba, wannan ke da zuciyarki. Baiwar da Allah ya ba shi gaskiya ce, abin da ya yi wa yarinyar ma gaskiya ne, ɗaya bai goge ɗaya ba. Abin da ba na so shi ne a ba da labarin kamar masifa ce ta faɗa wa sana'arsa, a manta da wadda aka raba da ƙuruciyarta. Myra sunanta, kuma ta rayu ta ba da labarinta da bakinta.

In kin zo hutu ki tuna min, akwai sauran abin da kakarki ta faɗa min wanda ba zan iya rubutawa a waya ba.

Goggonki