Hukuncin Shan Ganyen Ƙasar Sin Don Ciwon Daji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata na fama da sankarar mama, likitoci sun rubuta mata allurar kemo ta kashe ƙwayoyin daji. Sai ga wani ya kawo mana garin wani ganye daga ƙasar Sin, ya ce bincike ya nuna yana kashe ƙwayoyin daji. Ya halatta ta sha, tunda ba na Musulmi ba ne? Kuma za ta iya barin allurar ta koma kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ce.

Fitowar magani daga ƙasar da ba ta Musulmi ba ba ta haramta shi. Asalin tsirrai halal ne sai in cutarwarsu ta tabbata. Sharaɗi kawai, kada a haɗa shi da najasa ko surkullen tsafi.

Ganyen da aka fi tallatawa da wannan magana shi ne wanda Sinawa ke kira qinghao, ɗan'uwan tazargadenmu. Daga cikinsa Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro sinadarin artemisinin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. To amma a kan zazzaɓin cizon sauro aka ba ta, ba ciwon daji ba. Abin da masu bincike suka gani game da daji shi ne, sinadarin in ya haɗu da ƙarfen da ke cikin ƙwayar halitta yana fashewa ya illata ta, ƙwayoyin daji kuwa sun fi masu lafiya tara ƙarfe. Yawancin wannan a ɗakin gwaji aka gan shi da jikin ɓeraye. Gwajin da aka yi wa mutane kaɗan ne, bai kai a amince da shi a matsayin maganin daji ba. Ga shi kuma sinadarin a busasshen ganye bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, yana kuma sauyawa daga gona zuwa gona, mai shan gari bai san adadin da ya sha ba.

Akwai itacen Sin da ya ba da maganin daji na gaske, xi shu. An ciro sinadarin camptothecin daga gare shi a 1966, da aka gwada wa majinyata ya jawo zawo mai tsanani da fitsarin jini, dole aka dakatar. Sai bayan gyara na shekaru aka samu irinotecan da topotecan, waɗanda yau allurar kemo ne da kansu, ana auna su bisa tsayin majinyaci da nauyinsa. Wannan shi ne ma'anar hadisin Jabir a Muslim, cewa kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Dacewa ta haɗa da nau'in cutar da gwargwadon maganin.

Saboda haka barin allurar don wannan gari bai halatta ba. An bar abin da amfaninsa ya rinjaya a zato an kama abin shakka, sankara kuma ba ta jira. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce neman magani yana zama wajibi in barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa.

Haɗa su biyun kuwa sai da yardar likitanta. Hanta ce ke sarrafa da yawa daga magungunan kemo da kuma ganyen, ganyen na iya rage ƙarfin allurar ko ya wahalar da hantar. Ku kai wa likita kwalin da sunan ganyen, in ya hana a bari, domin ba cuta ba cutarwa.

Shi kuma mai sayarwa da alƙawarin warkewa ya ji tsoron Allah. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, lamunin ɓarnar yana wuyansa.

Wallahu a'alamu.