Ga 'yar uwar da gashinta ke zuba bayan ta daina cin mai

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce wata uku ke nan da kika daina cin maiƙo don rage ƙiba, yanzu gashi na ta zuba, kina tambaya ko rashin man ne ya rikita miki sinadaran homon.

Na taɓa shiga wannan hali bayan na yaye ɗana na biyu. Miya ba mai, ba nama, da dare sai kokwamba da ruwan shayi. Ina ramewa ina murna, har ranar da mai kitso ta miƙo min kum cike da gashina. Wallahi sai da na yi hawaye.

Alaƙa akwai ta, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Daga kolestarol, wani nau'in maiƙo a jini, jiki ke haɗa homon irin su estrogen da testosterone, sai dai mafi yawan kolestarol ɗin jiki ne ke yin abinsa, musamman hanta, don haka rage mai kaɗan ba ya taɓa su. Horon yunwa ne ke yin ɓarnar. Idan abinci ya yanke farat ɗaya, jiki kan janye hidima daga abin da ba dole ba, gashi na cikin na farko, al'ada ma takan rikice. Ga bitamin A, D, E da K, hanji ba ya tsotse su sosai sai da maiƙo.

Irin wannan zubar takan bayyana wata 2 zuwa 3 bayan abin da ya jawo ta. Ki waiwaya: haihuwa, taifot, maleriya mai zafi, duk suna sa haka. Ni da likita ta sa aka auna min ferritin (ma'ajiyar sinadarin ayon a jiki) da tayirod (wata gaɓa a wuya mai fitar da homon), sinadarin ayon ne ya yi ƙasa. Ki je ki yi gwajin nan don Allah, kafin ki kashe kuɗi a kan man shafawa.

Na dawo da man gyaɗa da manja daidai misali, ƙwai, kifi, hanta, kwaɗon zogale da ƙuli. Wajen wata shida zubar ta tsaya. Tsirowar ce ke son haƙuri, kusan santimita 1 a wata. Kafin nan ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu a gaban goshi, ki kuma huta da rilaksa.