Amsa: zafin bazara na sa sifirin ɗin mota ya saki?

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce motarka ta fi lilo da bazara, da hunturu kuma sai ka ji ta ƙage, kana tambaya ko zafi ne ke sassauta sifirin. Abin da jikinka ya ji gaskiya ne, amma na daɗe a gareji, kuma ba sifirin zan fara tuhuma ba.

Ƙarfe na rage tauri idan ya ɗumama, sai dai kaɗan ne ƙwarai: wajen kashi 3 cikin 100 idan zafi ya ƙaru da digiri 100. Tazarar asubahin Janairu da tsakar ranar Afrilu a Kano kuwa wajen digiri 30 ce, ka ga da ƙyar a kai kashi 1. Ba direban da zai ji wannan a mazauninsa. Masu agogo ne abin ya dama, domin ɗan sifirin ɗin cikin agogo idan ya saki da zafi sai agogon ya riƙa latti. Shi ya sa Charles Guillaume, ɗan Suwizalan, ya haɗa wani ƙarfe mai suna Elinvar da taurinsa kusan ba ya motsi, kuma aikinsa kan irin waɗannan ƙarafa ya ba shi kyautar Nobel a 1920.

A mota, duba shokazoba. Mai ne a cikinta. Da sanyin safiya man ya yi kauri, motar ta yi tauri. Ka yi tafiya cikin rana a hanya mai gargada, man ya tsinke kamar ruwa, sai lilo. Idan shokar ta tsufa abin ya fi fitowa fili. Robobin ƙafa ma suna ƙagewa da sanyi. Danna gefen motar da ƙarfi ka saki: idan ta yi ta hawa da sauka ba ta tsaya nan take ba, shoka ce.

Zafin da ke kashe sifirin shi ne na wuta. Samarin da ke kai mota wurin mai walda a gasa sifirin don ta yi ƙasa, wallahi ɓarna suke yi. A masana'anta an gasa ƙarfen, an tsoma shi a mai, an sake ɗumama shi da awo, wannan horon ne ke sa ya lanƙwashe ya dawo. Da harshen wuta ya taɓa shi, horon ya tafi. Sai sifirin ya zauna, ya ci gaba da zama, wata rana ya karye daidai inda aka gasa. Tambayi maƙerin da ke ƙera gatari da tsohon sifirin ɗin babbar mota, ya san wannan fiye da mu.

Idan motar ta yi ƙasa ko ta karkata gefe ɗaya, auna tsayinta daga ƙasa, hagu da dama, a wuri mai daidai. Yawanci lodi ne ko tsatsa. Canza sifirin hagu da na dama tare, kar ka sa sabo gefe ɗaya.