Ajiye zanen tukuna, je ka tsaya bayan gidan biki

Jiya da la'asar ka nuna mini zanen da ka yi a takarda, ka ce, "Maigida, so nake in haɗa manhajar da za ta riƙa kai ragowar abinci ga mabuƙata a nan Damagaram. Da wane shafi zan fara, na mai bayarwa ko na mai karɓa?" Lokacin hannuna na cikin kwamfutar wani, ban amsa maka ba. Ga amsar yanzu.

Kada ka fara da ko ɗaya, ɗana.

Na san inda ka ga abin. Too Good To Go, manhajar sayar da ragowar abinci da rahusa, a Danmak aka kafa ta a 2015, Faransa kuma ta yi doka a 2016 ta hana manyan kantuna zubar da abincin da bai sayu ba. Amma can abincin yana cikin leda, da kwanan wata a jiki, yana kwance a firigo. Namu yana cikin tukunya, an riga an zuba miya. Kuma ragowar gida a garin nan tana da masu ita tun kafin a haife ka. Tuwon dare ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya shi, almajiri ya yi sallama da kwanonsa bayan magariba, abin da ya saura akuya ta lashe. Uwar gida da almajirinta ba sa buƙatar ka shiga tsakaninsu.

Inda abinci ke yin yawa har a rasa yadda za a yi da shi daban ne. Gidan biki da suna, taron bita a otel inda aka dafa wa mutum hamsin talatin suka zo, tumatir da salak da suka fara laushi a Kasuwar Dole da yamma, burodin jiya. Nan aikinka yake.

Abokin gabarka kuwa lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, domin tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. To ka tuna watan Afrilu a nan, rana ta haura 40, ga kuran na zuwa yana tafiya. Ni na taɓa shan kunyar wannan. Wata shekara aka kira ni daga wani gidan biki, dafa-duka ce bahon roba guda. Kafin in samu mai kabu-kabu, kafin ya gane kwatance, isha'i ta wuce. Da muka ɗaga murfin, warin tsami ne ya tarbe mu, saman shinkafar har ya fara yauƙi, ga tsofaffi zaune da kwanoni a hannu. Da idona na ga an zubar. Saboda haka gurbin farko a rumbun bayananka ya zama lokacin da aka sauke tukunya. In wa'adin ya cika ba a ɗauka ba, sanarwar abincin ta goge kanta daga manhajar, ko da mai abincin ya rantse lafiyarsa lau.

Shafin mai karɓa da ka ɓata dare kana ƙawatawa, cire shi gaba ɗaya. Gyatumar da ke Kara-Kara ba ta da Android, balle kuɗin intanet. Manhajar ta mutum uku ce: mai bayarwa, mai ɗauka, da amintacce guda a kowace unguwa, limami ko wata dattijuwa, wanda ya san gidan da ba a hura wuta ba yau amma ba za su taɓa fita roƙo ba. Sunayen gidajen nan su zauna a kansa, kada su shiga kwamfutarka. Hoto kuma babu shi, ko mai ba da tallafi ya nema.

Mai bayarwa a tsakiyar hidima yake, hannunsa duk mai, ba zai cike maka fom ba. Bar shi ya danna sau ɗaya ya yi magana: "Bayan fadar Sarki, lungu na biyu, shinkafa ta mutum ashirin." Ai ko ni da kwatance nake gane gida a Birni. Sannan da zarar mai babur ɗaya ya ce ya kama, ka kulle sanarwar, kada biyu su ƙona mai a kan tukunya ɗaya. Wanda ba shi da intanet ka tura masa SMS, amma ka kula: saƙo ɗaya harafi 160 ne, da ka sa ƙ ko ɗ sai ya koma 70, kuɗinka ya ninka. A SMS kaɗai na yafe maka ƙugiya.

Kuɗin man babur fa, wa zai biya? Ba ka rubuta shi ko'ina a takardarka ba, kuma shi zai fara kashe aikin.

Ranar Asabar akwai biki a Zango, maƙwabtanmu ne, na riga na yi musu magana. Ka tafi da littafi da biro, ka tsaya wajen masu girki. Rubuta ƙarfe nawa aka sauke, ƙarfe nawa aka gama rabo, me ya rage, wa ya kwashe. Ka yi haka a gida biyar da lambar WhatsApp ɗaya kawai, sannan ka dawo mu buɗe kwamfuta.