Amsa ga Bello kan sharaɗin da tsohon kamfaninsa ya gindaya masa

Bello, ɗana, ka ce kamfanin da kake yi wa aikin haɗa sola sun sa ka sa hannu cewa duk ranar da ka bar su, ba za ka sake taɓa aikin sola a Sakkwato da Kebbi da Zamfara ba har shekara 3. Yanzu wani wuri ya kira ka da albashi mai tsoka, kana tambaya ko takardar ta ɗaure ka.

Kada ka raina ta, kada kuma ta hana ka barci. A dokar Najeriya, sharaɗin da zai hana mutum neman abincinsa ba ya tsayawa sai in mai kamfani ya nuna akwai wani abu nasa da yake karewa, kuma bai wuce gona da iri ba wajen tsawon lokaci da faɗin wuri da irin aikin da ya hana. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta yi wa irin wannan sharaɗi iyakar shekara 2, taka kuwa ta ce 3. Ga jihohi uku cur, tun daga Illela har Yawuri, alhali kai ba manaja ba ne, mai hawa rufi ne da fanel a kafaɗa. Ni a ganina sun zarce. Amma kotu takan tabbatar da wasu. A 1973 Kotun Ƙoli ta ba kamfanin Leventis Motors gaskiya a kan manajansu na sashen kayan gyara, wanda ya yarda ba zai yi aiki da abokan gasarsu ba har shekara 1, ya kuma saɓa. Mutumin ya san sirrin cinikinsu ciki da bai, shi ya sa. Rigimar aiki irin wannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke saurare, tana kuma da reshe a nan Sakkwato. Ka kai wa lauya takardar ya karanta kafin ka motsa. Kuɗin da za ka ba shi bai kai na batir ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna ba kotu ba ne. Ka sa hannu da hankalinka, Allah kuma ya ce a cika alkawari, farkon Suratul Ma'ida ke nan. Saboda haka ban yarda ka sulale da dare kamar ɓarawon akuya ba. Ka rarrabe naka da nasu tukuna. Iya lissafin lodin gida, wato yawan wutar da kayan gida ke ja, sanin kaurin wayar da za ta ɗauki wuta ba ta yi zafi ba, gane batirin da ya mutu tun kafin ka ɗora mita, waɗannan naka ne, a shagona ka koye su, babu takardar da za ta ƙwace su. Amma lambobin kwastomomin da ke cikin wayarka, da farashin da suke saro kaya, da kwangilar da suke nema ba a kammala ba, nasu ne. Hannunka bai kamata ya kai can ba.

Ga inda yara ke faɗawa. Watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ba wuta, wani Alhaji a Mabera ya kira ka bayan Isha, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama wutar gida, tana ta ƙara, yara sun kasa barci. Kai ka haɗa masa, lambarka ya sani. Zuciya za ta ce je ka gyara ka karɓi na cefane. To wannan aiki na tsohon kamfaninka ne, wataƙila ma garanti bai ƙare ba, in ka buɗe akwatin ka ɓata masa shi. Ka gaishe shi da ladabi, ka faɗa masa ka bar wurin, ka tura masa lambar ofishinsu. Yawancin masu kamfani ba tafiyar yaro ke ƙona musu rai ba, tafiya da kwastoma ce.

Sai ka nemi zama da maigidan, ni zan raka ka, mu tafi da wani dattijo cikin 'yan sana'a wanda yake jin nauyinsa. Ka gode masa, ka faɗi inda za ka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ka roƙi ya sassauta: ka yi alkawarin ba za ka nemi kwastomominsa ba na wata shida ko shekara, shi kuma ya sake ka ka yi aikinka. Duk abin da aka daidaita a rubuta, ya sa hannu, shaidu su sa. "Ba komai, je ka" a baki ba ta wadatar ba, don gobe wani manaja zai zo wanda ba ya wurin.

Ka ba da notis yadda takardar ɗaukarka ta ce. In ba ta faɗa ba, Dokar Ƙwadago ta ce mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 zuwa 5. Ranar sallama ka jera mita da filaya da injin huda bango da katin shaida a gaban mai sito, ya ƙirga, ya rubuta ya karɓa.

Sabon wurin kuma ka nuna musu sharaɗin tun yanzu, kada su ji shi daga bakin lauyan wani. Kuma kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai takardar ɗauka tasu ta shigo aljihunka, da albashin a rubuce.