Shin Rommel ya cancanci sunan da ya yi a yaƙin hamada?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana yabon janar ɗin Jamus Erwin Rommel, wanda ake wa laƙabi da Dilan Hamada. Idan har gwani ne haka, me ya sa ya sha kashi a Arewacin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu?

Amsa: Gwanintar Rommel gaskiya ce, amma gwaninta ce ta fagen daga, kuma yaƙin hamada ya fi dogara ga mai da jiragen ruwa fiye da jarumtar kwamanda.

An haife shi a garin Heidenheim a 1891, ya shiga soja a 1910, ya kuma fara yin suna a Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman a fafatawar Caporetto ta 1917 a fagen Italiya, inda ya sami lambar yabo mafi daraja ta Pour le Mérite. Kusancinsa da Hitler, wanda Rommel ya jagoranci dakarun tsaronsa a 1939, shi ya share masa hanyar samun Runduna ta 7 ta tankokin yaƙi a 1940, duk da cewa asalinsa sojan ƙasa ne. A mamayar Faransa rundunar ta riƙa kutsawa da irin saurin da har hedikwatarta kan rasa inda take.

A watan Fabrairun 1941 aka tura shi Tarabulus domin ceto sojojin Italiya da Ingila ta fatattaka a Libiya. Umarnin da aka ba shi na tsaro ne, amma sai ya kai farmaki. Ganiyar nasararsa ita ce watan Yunin 1942, lokacin da ya karya dakarun Ingila a Gazala, ya kama Tobruk da fursunoni fiye da 30,000, aka kuma ɗaga shi zuwa muƙamin fil mashal.

A nan ne, a ganina, kuskurensa ya fito fili. Ya matsa sai an kutsa Masar nan take, aka jingine shirin kama tsibirin Malta, alhali daga can ne jiragen Ingila ke nutsar da jiragen ruwan da ke kawo masa kaya daga Italiya. Ingila kuma tana karanta saƙonnin sirrin abokan gabarta, don haka sau da yawa ta san lokacin tashin jiragen. Ɗan man da ya tsira kuwa, sai an ɗauko shi a manyan motoci daga Tarabulus ko Bengazi, kuma motocin kan ƙone kaso mai yawa nasa kafin su isa bakin daga. Abokan hamayyarsa suna dab da ma'ajiyarsu a Masar, har ma jiragen saman da ake harhaɗawa a Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, sukan bi ta Kano da Maiduguri da Khartoum su isa Alƙahira.

Janar Auchinleck na Ingila ya tsayar da shi a El Alamein, cikin Masar, a watan Yulin 1942. Janar Montgomery, sabon kwamandan dakarun Ingila a wurin, ya buɗe nasa farmakin ranar 23 ga Oktoba da tankoki kusan ninki biyu na Rommel, a lokacin Rommel na jinya a Turai. Da ya dawo, Hitler ya umarce shi da ya tsaya ko ya mutu, amma ranar 4 ga Nuwamba ya ja da baya, bai sami wurin tsayawa na sosai ba sai Tunisiya. Ya bar Afirka a watan Maris na 1943.

Ya kamata a sani cewa farfagandar Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ta ƙara wa sunansa armashi, kuma su ma Turawan Ingila ya fi musu sauƙi su ce haziƙi ne ya ba su wahala. Daga baya aka ɗora masa tsaron gaɓar tekun Faransa, wani jirgin sama ya raunata shi ranar 17 ga Yulin 1944, sannan aka zarge shi da masaniya kan yunƙurin kashe Hitler na 20 ga Yuli. Ranar 14 ga Oktoban 1944 aka ba shi zaɓi tsakanin kotu da guba, ya sha gubar domin kare iyalinsa, gwamnati kuma ta sanar cewa raunukansa ne suka kashe shi.